KAFIN KA MIƘA WUYANKA A GYARA

Maganarmu ta yau a kan wuya take, wuyan nan da ke ɗauke da kai. A shekarun nan wasu hotuna sun bazu cikin wayoyin hannu. Ana nuna mutum kwance bisa tebur. Wani mai farar riga ya riƙe kansa, ya karkata shi, ya fizga. Sai a ji ƙas! Mutumin ya tashi yana murmushi, ya ce ciwon da ya daɗe yana damunsa ya tafi. Irin waɗannan hotuna suna yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Samari suna gani, suna gwadawa a wuyan abokansu. Akwai ma masu aski da kan murɗa wuyan mutum in sun gama masa aski.

Wannan aiki sana'a ce mai suna da makarantu a ƙasashen waje. Sunanta kiropraktik. Kalmar daga harshen Girkawa take, ma'anarta abin da aka yi da hannu. Sana'ar tana da rassa. Reshe ɗaya ya tsaya ga gaɓoɓi biyu na can saman wuya, dab da ƙeya. Shi za mu duba yau, domin masu shi suna yin manyan alkawura. Wasunsu suna cewa in an daidaita gaɓar nan ta sama, ciwon kai da jiri da hawan jini da asma da farfaɗiya duk za su yi sauƙi.

Ga ra'ayina tun daga fari. Gyaran wuya a hannun wanda ya yi karatunsa yana iya rage ciwon wuya na gajiya. Iyakarsa ke nan. Ba ya maganin cututtukan cikin jiki. Kuma kada kowa ya bari a murɗa masa wuya kafin likita ya gane dalilin ciwon. Bari mu bi maganar daki-daki.

Yadda wuya yake

Wuyan mutum gaɓa 7 gare shi. Haka wuyan akuya da na sa da na raƙumi. Ko raƙumin dawa na Kure, duk tsawon wuyansa, gaɓa 7 ne, sai dai nasa dogaye ne. Wanda ya taɓa feɗe rago ya ga waɗannan gaɓoɓi. In ya lura da kyau, biyun da ke kusa da kai sun bambanta da sauran.

Ta farko kamar zobe take. A kanta ƙoƙon kai yake zaune. Likitoci suna kiranta atalas, sunan wani ƙato ne na tatsuniyar Girkawa, wanda aka ce yana ɗauke da sama a kafaɗarsa. Ta biyu sunanta aksis. Tana da ɗan tsinin ƙashi a tsaye kamar turke, zoben kuma yana juyawa a jikin turken. In ka waiwaya dama ko hagu, wajen rabin juyawar a nan ake yin ta. Kan babban mutum kuwa nauyinsa ya kusa kilo 5. Duk wannan nauyi a kan ɗan zoben nan yake, daga safe har dare.

Abubuwa biyu masu daraja suna ratsa wurin. Na farko laka. Ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta tsakiyar zoben. Ta cikinta saƙo yake zuwa hannuwa da ƙafafu, har da saƙon numfashi. Na biyu jijiyoyin jini guda biyu. Suna hawa ta cikin ƙananan ramuka a gefen gaɓoɓin wuya, su lanƙwasa a bayan atalas, sannan su shiga cikin kai. Su ne ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa. In an murɗa wuya da ƙarfi, a wurin lanƙwasar nan ake jan jijiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mafarin sana'ar

Sana'ar ta fara a shekara ta 1895 a garin Davenport na jihar Iowa, a Amurka. Wanda ya kafa ta sunansa Daniel David Palmer. Bai yi karatun likita ba. Ya yi koyarwa, ya riƙe kantin kayan abinci, sannan ya shiga warkarwa ta hanyar shafa jiki. Ya ba da labari cewa ya danna ƙashin bayan wani mai sharar gidan da yake aiki a ciki, mai suna Harvey Lillard, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Likitoci ba su yarda da wannan ba, domin jijiyar ji a cikin kai take, ba ta bi ta ƙashin baya. Palmer ya buɗe makaranta a 1897. A 1906 an ɗaure shi a kaso na ɗan lokaci saboda yin aikin likita ba da izini ba. A littafinsa na 1910 ya ce kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar gaɓoɓin baya suke zuwa.

Ɗansa, B. J. Palmer, shi ya gaji makarantar. Shi ya shigo da hoton ƙashi cikin sana'ar a 1910. Wajen 1930 ya zo da sabon ra'ayi. Ya ce gocewar da ke kawo cuta a wuri ɗaya take, wato a atalas da aksis. In an gyara nan, jiki zai gyara sauran da kansa. Daga wannan ra'ayi reshen saman wuya ya tsiro. Bayansa wasu suka fito da hanyoyinsu. Ɗaya daga cikin sanannu ita ce ta ƙungiyar NUCCA, wadda Ralph Gregory ya kafa a jihar Michigan a 1966.

Yau sana'ar tana da doka a ƙasashe da dama. Faransa ta amince da ita a 2002. A Afirka ta Kudu ana koyar da ita a jami'a, a Durban da Johannesburg. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da ƙa'idoji. Ta ce karatun kada ya gaza awa 4,200, wato shekara 4 cur. Amma mai wannan sana'a ba likitan asibiti ba ne. A yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani, ba ya fiɗa. Kuma amincewar doka ba ta gaskata ra'ayin su Palmer ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Ingila da bakinta ta ce babu shaidar bincike da ta nuna gocewar gaɓa ita ke kawo cututtuka.

Abin da mutum zai tarar in ya je

Ƴan'uwanmu suna tafiya ƙasashen waje don karatu da kasuwanci da neman magani. Wani yana iya samun kansa a ɗakin mai gyaran saman wuya. Ga yadda abin yakan kasance.

Ranar farko tambayoyi ne da gwaji. Zai tambaye ka yaushe ciwon ya fara, ko ka taɓa faɗuwa, ko ka yi haɗari, da irin maganin da kake sha. Zai duba tsayuwarka, ya ga ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ko kai ya karkata. Zai kwantar da kai ya gwada tsawon ƙafafunka. Wasu suna da na'urar auna zafin fata a gefen wuya. Daga nan sai hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo. Akan ɗauka ta gefe da ta gaba da ta sama. Zai ja layuka a kan hoton, ya auna, ya ce maka atalas ta goce da kaza.

Sai gyaran. Za ka kwanta a gefe ɗaya, kanka bisa ɗan matashi mai tauri. Zai ɗora gefen tafin hannunsa a ƙasan kunnenka, ya danna a hankali. Wasu suna aiki da ƴar na'ura mai tsini wadda ke ɗan taɓa wurin. Wasu kuma turi ɗaya suke yi mai sauri, matashin ya ɗan sauka. A yawancin hanyoyin wannan reshe ba a murɗa kai, ba a kuma jin ƙas. Nan ya bambanta da fizgar da ake nunawa cikin wayoyi. Aikin ba ya wuce ƴan mintuna. Bayansa akan ce ka huta, wani lokaci a sake ɗaukar hoto.

Za a ce ka dawo, sau ɗaya ko biyu a mako, har makonni ko watanni. Ba kowane zuwa ake dannawa ba. In sun ga gyaran yana nan, dubawa kawai suke yi. Amma kowane zuwa da kuɗinsa. Bayan gyara mutane da yawa suna jin tsamin wuya ko gajiya ko ɗan ciwon kai. Wannan yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Inda awon yake da rauni

Layuka da alƙaluma a kan hoto suna burge mutum. Amma mu tsaya mu yi tunani. Jikin ɗan Adam ba daidai yake dama da hagu ba. Dubi fuskar kowa, za ka ga ido ɗaya ko kunne ɗaya ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa. Haka ƙashi yake. Masu lafiya garau da yawa in an ɗauki hotonsu za a ga atalas ba ta zauna a tsakiya sak ba, kuma ba abin da ke damunsu. Bayan haka, in mutum ya ɗan karkata kai lokacin ɗaukar hoto, awon ya canza. Gwajin tsawon ƙafa shi ma ya danganta da yadda mutum ya kwanta da yadda mai gwajin ya riƙe ƙafar.

Hoton ƙashi kuma da haske mai ratsa jiki ake yin sa. Kaɗan ba ya cutarwa, amma ba a yawaita shi ba dalili. A 2017 babbar ƙungiyar masu kiropraktik ta Amurka ta shawarci ƴaƴanta kada su riƙa maimaita hoto don ganin ko maras lafiya yana samun sauƙi. Mace mai ciki kuwa ta faɗa tun kafin a kai ta gaban na'ura.

Game da ƙarar nan ta ƙas, ba ƙashi ba ne yake komawa wurinsa. A cikin gaɓa akwai ɗan ruwa mai yauƙi. In an ja gaɓar, iska takan taru cikin ruwan farat ɗaya, ita ce ke yin ƙara. Irin ƙarar da yatsu ke yi ce in an ja su. Ba alamar warkewa ba ce.

Abin da bincike ya nuna

Mu fara da ciwon wuya. A 2012 an buga wani bincike da aka yi a jihar Minnesota ta Amurka. An ɗauki mutum 272 masu ciwon wuya, aka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu gyara da hannu. Na biyu aka ba su magani. Na uku aka koya musu motsa wuya, su riƙa yi a gida. An yi mako 12 ana haka. Waɗanda aka yi wa gyara sun fi masu shan magani samun sauƙi. Wannan gaskiya ce, mu ba masu sana'ar haƙƙinsu. Amma masu motsa wuya a gida sun sami sauƙi kusan daidai da waɗanda aka yi wa gyara. Zama biyu kawai aka yi da su aka koya musu. Abin da ya rage da kansu suka yi shi.

Akwai kuma ciwon kai wanda asalinsa daga wuya yake, mai tasowa daga ƙeya. Shi ma gyara da hannu yana iya rage shi ga wasu mutane.

Sai hawan jini. Masu gyaran saman wuya suna yawan ambaton wani gwaji da aka yi a Shikago, aka buga a 2007. Mutum 50 ne. An yi wa 25 gyaran atalas, sauran 25 aka yi musu na kwaikwayo. Bayan mako 8 jinin waɗanda aka gyara ya fi sauka. Labarin ya bazu ƙwarai. Amma mutum 50 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. A 2016 aka buga wani gwajin, wanda aka yi a cibiyar bincike ta makarantar Palmer kanta, da wata hanyar gyaran saman wuya. Jini bai sauka ba. Manomi ya san ba a yabon iri saboda kunya ɗaya ta yi kyau a damina ɗaya. Sai an shuka shi a gonaki daban-daban, shekara da shekara, yana ba da amfani.

Asma da farfaɗiya da ciwon suga da rashin haihuwa kuwa, babu ingantaccen bincike da ya nuna gyaran wuya yana maganinsu. Nan ne babbar asara take. Mai hawan jini ya ji jikinsa ya saki bayan an danna masa wuya, ya ajiye ƙwayarsa. Hawan jini kuwa ba ya shelar zuwansa. Yana nan shiru har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Haɗarin murɗa wuya

Mu koma ga jijiyoyin nan biyu da ke lanƙwasa a bayan atalas. In an fizgi wuya, fatar cikin jijiya tana iya tsagewa. Jini ya daskare a wurin, gudan jinin ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Sakamakonsa shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa. Abin ba ya yawan faruwa. Amma yana faruwa, kuma yakan sami matasa masu ƙarfi. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ya kamata a sanar da mutum wannan magana kafin a yi masa gyaran wuya.

Masu sana'ar suna da amsa. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada, aka buga a 2008, ya nuna cewa masu irin wannan shanyewar sun je wurin likitan asibiti kafin ta same su, kamar yadda wasu suka je wurin mai kiropraktik. Ma'ana, wataƙila jijiyar ta riga ta tsage da kanta, ciwon tsagewar ne ya kai mutum neman taimako. To, ko da haka ne, darasin ɗaya ne a gare mu. Sabon ciwon wuya mai tsanani yana iya zama alamar jijiya ta tsage. Wuyan da ke cikin wannan hali, murɗa shi ƙara wa wuta mai ne.

Gaskiya ne dannawa a hankali ta fi fizga sauƙin haɗari. Amma wanda ya koyi aikin daga waya fizga ya gani, ita kuma zai yi. Bai san inda jijiya ta bi ba. Bai san wanda ya kamata a taɓa da wanda bai kamata ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Jarirai kuwa a bar wuyansu. Ƙashinsu bai yi ƙwari ba. A 2019 hukumar masu kiropraktik ta Ostiraliya ta hana gyaran ƙashin bayan yaro da bai kai shekara 2 ba. Ta sake ɗora wannan hani a 2024.

Ciwon wuya a ƙasarmu

A nan ne maganar ta fi shafarmu. A ƙasarmu wuya ya sandare ba ƙaramin abu ba ne. Akwai dalilai uku da kowa ya kamata ya sani.

Na farko sanƙarau. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da wannan cuta take yawan ɓarkewa, daga lokacin sanyi da hazo har faɗuwar ruwan farko. Manya suna tune da annobar 1995. A 2015 ta kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ta kashe fiye da 500. A ƙarshen 2022 ta sake ɓulla a jihar Damagaram. Alamunta: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, da wuyan da ba ya sunkuyawa. Ga jariri, maɗiga takan kumbura, ya ƙi nono. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Maganinsa allura ce a gidan likita. Duk awar da aka ɓata wajen tausa ko murɗa wuya, cutar aka ba.

Na biyu karaya. Mutum ya faɗo daga moto ko amalanke ko icce, ko ya faɗa rijiya, ko aka kayar da shi a ka wajen kokowa. Gaɓar wuya tana iya tsagewa mutum yana tafiya da ƙafarsa. In aka ja kan ko aka murɗa, ƙashin ya goce ya yanke laka. Daga nan hannu da ƙafa sun mutu. Maɗoranmu sun san aikin hannu da ƙafa, jama'a kuma suna girmama su. Amma cikin ƙashin hannu babu laka. Wanda ya ji ciwo a wuya, a riƙe kansa a miƙe, a kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako, a tokare kan dama da hagu da naɗaɗɗen zane, a kai shi asibiti. Kada a naɗe shi a bayan moto.

Na uku tarin fuka. Ba huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashin baya da na wuya. Mutum yana ramewa, yana gumi da dare, yana zazzaɓi da marece, ciwon kuma yana ƙaruwa wata da watanni. Ƙashin ya zama kamar iccen da gara ta ci. Dannawa tana iya rusa shi. Maganinsa yana nan a gidan likita. Ƙa'idojin OMS na 2005 da kansu sun hana gyara da hannu in akwai karaya, ko ƙwayar cuta a ƙashi, ko ciwon daji. Mai hannu kaɗai ba ya iya gane waɗannan. Sai da gwaji.

Mai cewa ya ga wanda ya warke

Wani zai ce: ai na ga wanda aka gyara wa wuya, ya tashi lafiya. Ban ƙaryata shi ba. Amma a sani, yawancin ciwon wuya na gajiya yana wucewa da kansa cikin kwanaki ko ƴan makonni. Mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da ciwo ya kai ƙarshen tsanani. Daga nan ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, sauƙi ne ke biyowa. Sai a yaba wa hannun da ya taɓa shi a ƙarshe. Ban da haka, kulawa kanta tana sanyaya jiki. Wanda aka saurara, aka kwantar, aka taɓa a hankali, yakan ji daɗi. Wannan abu ne mai kyau, amma bai nuna ƙashi ya goce ba.

Ku kuma tuna, mai tallar sana'arsa waɗanda suka tashi da murmushi yake nunawa. Wanda aka fitar a kwance ba a sa hotonsa a waya.

Abin da za a yi a gida

Mafi yawan ciwon wuyanmu daga aiki yake. Ƴar'uwa tana ɗaukar tulu ko jarka ko damin icce a ka. Jarka mai lita 20 in ta cika ruwa nauyinta kilo 20 ne, wato ya ninka nauyin kai sau 4. Ɗan'uwa yana noma a duƙe tun hantsi. Tela da mai saƙa suna sunkuye yini guda. Yanzu ga waya ta ƙaru. In ciwon irin wannan ne, babu zazzaɓi, babu faɗuwa, ga shawara:

1. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi, safe da dare.
2. Kada a kwanta a daina motsi. A riƙa juya kai dama da hagu a hankali, a sunkuya, a ɗaga. A tsaya inda ciwo ya fara.
3. A ja haɓa baya kai yana miƙe, a ƙirga biyar, a saki. A yi sau 10.
4. A raba kaya biyu. A yi gammo mai kauri. A nemi mai ɗora wa mutum kaya da mai sauke masa.
5. Kada a ɗora wa yara kayan manya.
6. Mai aiki a duƙe ya riƙa miƙewa yana hutar da wuya.
7. Matashin kai kada ya yi tudu da yawa.
8. Mai hawan moto ya sa hular kwano.

In an yi mako 2 babu sauƙi, a je gidan likita. A manyan asibitoci akwai masu gashin ƙashi, waɗanda muke kira kine. Suna koyar da motsa jiki, suna aiki tare da likitoci.

Alamun da ba a jira

A tafi asibiti nan take, ko an gyara wuya ko ba a gyara ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi tare da sandarewar wuya; ciwon ƙeya ko na kai da ya zo farat ɗaya, irin wanda ba a taɓa ji ba; jiri mai kayarwa; ganin abu biyu-biyu; baki ya karkace ko magana ta sarƙe; haɗiya ta gagara; hannu ko ƙafa ya mutu ko ya yi sanyi; fitsari ya ƙwace ko ya ƙi fita.

Tambayoyi ga mai gyara

Wanda likita ya duba, ya ce ciwonsa na gajiya ne, kuma yana son ya gwada gyara da hannu, wuyansa ne, kuɗinsa ne. Amma matambayi ba ya ɓata. Ya tambayi mai gyaran: A ina ka yi karatu, shekara nawa? Ina takardar izininka daga hukumar lafiya? Za ka murɗa kaina ko dannawa kawai za ka yi? Wane haɗari ke ciki? Zuwa nawa zan yi, nawa zan biya duka? Mai gaskiya ba ya fushi da waɗannan tambayoyi.

Ka tashi ka bar wurin in ya ce yana maganin kowace cuta, ko ya ce ka daina shan maganin likita, ko ya hana ka kai yaro allurar rigakafi, ko ya nemi kuɗin watanni tun kafin a fara. In an yi mako 4 ko 6 ba ka ga bambanci ba, ka tsaya. Kuɗin hatsin iyali ne kake kashewa.

Iyaye, ku ja kunnen samari su bar wasan murɗa wuya. Masu aski, ku tsaya ga askinku. Wanda wuyansa ya dame shi ya fara da gidan likita mafi kusa, a gane dalilin ciwon tukuna. Wanda kuma ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman alamun sanƙarau, kafin hazo ya sauka.